Yadda ake gyara matsalar izinin fayil da mallakar rukuni idan asusun ma'aikata na gajimare ne

Wannan bayani na wanda aka damƙa wa kula da kwamfutocin ofis ne, ko na sashen makaranta, ko ɗakin kwamfuta, a Samaru yake ko Kongo ko Sabon Gari, inda ma'aikata ke shiga na'ura da imel ɗin aiki maimakon asusun da aka buɗe a kan kwamfutar. Asusun yana zaune a gajimare, wato a intanet, a Microsoft Entra ID, wanda kafin 2023 ake kira Azure AD, ko a Google Workspace, uwar garken Linux kuma tana tambayo shi ta hanyar SSSD, manhajar da ke haɗa Linux da kundin asusu na waje. Ƙorafin da za a riƙa kawo maka kusan iri ɗaya ne: malama ta ajiye takarda a foldar sashe, abokin aikinta ya kasa buɗewa, ko wani ya dawo daga hutu ya tarar fayilolin da shi ya rubuta sun hana shi taɓawa.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin komai. Linux ba ta san suna ba, lamba ta sani. Kowane mutum yana da lambar UID, kowane rukuni yana da lambar GID, kuma lambobin nan ne a rubuce jikin fayil. Kamar banki ne: lambar asusu ake bi a tura kuɗi, ko da mutum goma sun yi tarayya a suna. Asusun gida yana samun lambarsa daga fayil ɗin /etc/passwd, a Ubuntu ana farawa daga 1000. Asusun gajimare kuwa daga waje lambarsa take zuwa, kuma tana iya sauyawa alhali sunan yana nan yadda yake. Mafi yawan abin da za ka gyara daga nan ya samo asali.

Kayan aiki

Kana buƙatar asusun gida mai ikon sudo, wanda bai dogara da intanet ba. Idan ba ka da shi, buɗe shi yau, domin ranar da sabis ya ɗauke shi kaɗai zai shigar da kai. Sai manhajoji biyu: acl da sssd-tools, waɗanda a Ubuntu ake sakawa da `sudo apt install acl sssd-tools`. Sai damar shiga shafin kula da asusu na Microsoft ko Google, ko lambar wayar wanda ke da damar. Sai wuta tabbatacciya. Kada ka fara sauya mallakar dubban fayiloli a kan wutar NEPA kaɗai. Ka tabbata inbata na da caji ko janareta na kunne, saboda aikin da ya tsaya a tsakiya ya fi wanda ba a fara ba wahalar ganewa. Daga ƙarshe, littafi da biro don rubuta lambobi.

A misalan da ke ƙasa, foldar ita ce /srv/rabo/jarrabawa, rukunin shi ne malaman-lissafi, mai ƙorafin kuma hadiza@ofis.example. Ka sauya su da naka.

1. Karanta saƙon da na'ura ta bayar, harafi da harafi

Kada ka tsaya ga "ta ƙi buɗewa". Je ka gani da idonka, ko a turo maka hoton allon. Saƙonni huɗu ne suke kama da juna a bakin mai ƙorafi, amma maganinsu daban.

Idan an rubuta `Permission denied`, matsalar izini ce, ita muke bi. Idan `Operation not permitted` ne, galibi mutum yana son yin abin da mamallaki ko root, wato babban asusu mai cikakken iko, kaɗai ke yi, ko an kulle fayil ɗin da `chattr +i`. Duba da `lsattr`. Idan `Read-only file system` ne, ajiye batun izini gaba ɗaya. Faifan ne ya samu tangarɗa, sau da yawa bayan ɗaukewar wuta ba zato, sai tsarin ya mayar da shi na karatu kawai don kare abin da ke ciki. Duba `dmesg`, ka sauke faifan, sannan ka gudanar da `fsck`. Ba a yin fsck a faifan da ke ɗaure yana aiki. Idan kuma `No space left on device` ne, `df -h` da `df -i` za su gaya maka.

2. Ɗauki hoton izini kafin ka taɓa komai

`sudo sh -c 'getfacl -Rp /srv/rabo > /root/izini-kafin-gyara.txt'`

Wannan yana rubuta mamallaki, rukuni da izinin kowane fayil. Idan gyara ya ɓaci, `sudo setfacl --restore=/root/izini-kafin-gyara.txt` zai mayar da komai mazauninsa. Minti ɗaya ko biyu ne a folda matsakaiciya. Ka lura, izini kawai yake ajiyewa, ba abin da ke cikin fayilolin ba.

3. Tambayi na'ura waye wannan mutumin

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Daga asusunka rubuta:

`id hadiza@ofis.example`

Za ka ga wani abu kamar uid=1876401105, gid=1876400513, sai jerin rukunoni. Girman lambar ba kuskure ba ne. Idan SSSD na haɗe da yanki (domain) irin na Active Directory kuma an bar `ldap_id_mapping = True`, yana lissafo lambar ne daga SID ɗin asusun, wato lambar shaidarsa a tsarin Windows, a cikin jerin lambobi masu faɗin 200000. GID mai ƙarewa da 513 shi ne Domain Users, rukunin da kowa da kowa ke ciki. Ka tuna da wannan, zai dawo a mataki na 6. A tsarin Google kuwa lambobin suna zuwa ne kai tsaye daga kundin Secure LDAP.

Idan amsar ita ce `no such user`, to ba ka kai ga batun fayil ba tukuna. Duba ko SSSD na ganin waje: `sudo sssctl domain-list`, sannan `sudo sssctl domain-status` da sunan yankin. Idan ya ce Offline, abubuwa uku ake zargi. Na farko sabis. Na biyu DNS, musamman idan wani ya sauya rauta ko ya jona MiFi don a samu a yi aiki, na'ura ta daina ganin uwar garken yanki. Na uku agogo. Kerberos, tsarin da ke tantance mai shiga, ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da uwar garke. Tsohuwar kwamfuta da ƙaramin batirin allonta ya mutu tana mance lokaci duk sanda wuta ta ɗauke. `timedatectl` zai nuna maka; yankin lokaci ya zama Africa/Lagos, daidaita agogo ta intanet kuma ya kasance a kunne. Batirin CR2032 ne, ana samunsa wurin masu gyaran agogo da masu sayar da kayan kwamfuta. Akwai kuma kuskuren suna: bayan `realm join`, tsarin yakan nemi cikakken suna har da @ da yanki, sai `id hadiza` kaɗai ya ce babu.

Idan mutumin ya fito amma rukunin malaman-lissafi ba ya cikin jerin, duba shafin gajimare ka tabbatar an sa shi. Idan an sa, to na'ura tsohon bayani take riƙe da shi. SSSD na ajiye amsa na daƙiƙa 5400, wato awa ɗaya da rabi, kafin ya sake tambaya. Umarce shi ya sabunta:

`sudo sss_cache -u hadiza@ofis.example`
`sudo sss_cache -g malaman-lissafi@ofis.example`

Masu amfani da Entra Domain Services su ƙara haƙuri kaɗan, domin sauyin da aka yi a Entra ID sai ya gangaro zuwa yankin kafin Linux ta gan shi.

Yanzu ga wurin da sababbi suke ɓata awanni. Ka sa Hadiza ta rubuta `id` kawai, ba suna, a cikin zamanta. Umarni mai suna yana nuna abin da kundi ya ce. Umarni marar suna yana nuna rukunonin da aka ba ta lokacin da ta shiga. Idan da safe ta shiga, da rana aka sa ta a rukuni, zamanta bai san da labarin ba. Sai ta fita gaba ɗaya ta sake shiga. Rufe taga ko kulle allo bai wadatar ba. Idan ta bar tmux ko screen a buɗe, su ma da tsohon rukuni suke tafiya. `sudo loginctl terminate-user` da sunanta yana rufe duk zamanta, amma ka gaya mata ta adana aikinta tukuna. Idan tana tsakiyar aikin da ba ya katsuwa, `newgrp` da sunan rukunin zai ba ta rukunin a wannan tagar umarnin kaɗai.

Gargaɗi mai nauyi: za ka ga ana ba da shawarar a goge duk abin da ke /var/lib/sss/db. Yana da ranarsa, amma a nan ne kalmomin sirrin da aka adana don shiga ba tare da intanet ba suke. Idan ka goge su a ranar da sabis ke rawa, ofis gaba ɗaya ba mai shiga har sai ya dawo. Kada ka yi sai `domain-status` ya ce Online, kuma asusunka na gida yana buɗe a wata taga.

4. Tambayi fayil ɗin na waye

`ls -ln /srv/rabo/jarrabawa`

Harafin n ne ke sa a nuna lambobi maimakon sunaye. Ɗora lambar mamallaki da ta rukuni kusa da waɗanda ka rubuta a mataki na 3. Idan `ls -l` ma lamba yake nunawa a gurbin suna, to fayil ɗin maraya ne: lambar da ke jikinsa ba ta da mai ita a yanzu.

Izini kansa gajeren karatu ne. Haruffa tara ne, uku na mamallaki, uku na rukuni, uku na sauran jama'a. r karatu ne, darajarsa 4. W rubutu, 2. X kuma 1. Don haka 640 na nufin mamallaki ya karanta ya rubuta, rukuni ya karanta, saura babu komai. Abubuwa uku ne ba a cika faɗa wa mai koyo ba. A kan folda, x izinin ratsawa ne. Idan babu shi, ba a isa ga abin da ke ciki ko da fayil ɗin a buɗe yake. Goge fayil ko sauya masa suna ya dogara da w na foldar da yake ciki, ba na fayil ɗin ba. Sannan na'ura aji ɗaya take dubawa: idan kai ne mamallaki, izinin mamallaki kaɗai ya shafe ka, ko da rukuni ya fi ka dama.

Saboda batun ratsawa, duba hanyar tun daga tushe:

`namei -l /srv/rabo/jarrabawa/zango-na-biyu.docx`

Zai jero kowace folda da izininta. Sau da yawa ƙofar da ta rufe tana sama, ba inda kake kallo ba. Wannan yakan faru idan an ajiye foldar rabo a cikin gidan wani, a ƙarƙashin /home, domin tun daga Ubuntu 21.04 sabon gida da 750 yake zuwa, baƙo ba ya ratsawa. Kada ka buɗe gidan mutum don a wuce. Kwashe foldar zuwa /srv.

Idan ka ga alamar + a ƙarshen haruffan izini, akwai ACL, wato ƙarin jerin izini ga wasu mutane ko rukunoni. Rubuta `getfacl` da sunan fayil ka nemi layin mask. Shi ne rufin da ba wani rukuni ko wanda aka ambata da zai wuce. Za ka iya ganin rukuni da rwx, a gefe kuma an rubuta effective:r--. Abin da ya jawo shi ne wani ya yi `chmod 640` a fayil mai ACL, kuma a irin wannan fayil lambar tsakiya mask take sauyawa. Gyaran: `sudo setfacl -m m::rw` da sunan fayil.

Gwada da kanka a madadinta: `sudo -u hadiza@ofis.example touch /srv/rabo/jarrabawa/gwaji`. Idan wannan ya yi amma ita ta kasa, tsohon zama ne ko kuma matsalar tana hanyar da take bi ta iso, wato Samba ko NFS, manhajojin raba folda tsakanin kwamfutoci.

5. Idan lambar mutum ce ta sauya

Hanyoyi huɗu ne aka fi gani. An goge asusu a gajimare aka sake buɗe wani da suna iri ɗaya, sabon kuwa sabuwar lamba gare shi. Ko mutum yana da tsohon asusun gida mai lamba 1003 kafin a koma gajimare, fayilolinsa suna nan da 1003. Ko wani ya sauya `ldap_id_mapping`. Ko kwamfutoci biyu suna lissafi daban, ɗaya da SSSD ɗaya da winbind, takwararsa ta Samba, sai mutum ɗaya ya zama lamba biyu.

Idan gogewa aka yi kwanan nan, dawo da tsohon asusun ya fi sauƙi. Entra ID na riƙe asusun da aka goge kwana 30, Google Workspace kwana 20. Bayan an dawo da shi, sake duba `id` ka tabbatar lambar ta dace da ta jikin fayilolin.

Idan lokaci ya wuce, sai a mayar da fayilolin ga sabuwar lamba. Fara da kallo, ba taɓawa:

`sudo find /srv/rabo /home -xdev -uid 1003 -ls | less`

Karanta jerin. Ka tabbata na mutum ɗaya ne, domin a tsohuwar na'ura ana iya ba wa mutum biyu lamba ɗaya a lokuta daban. Idan ka gamsu:

`sudo find /srv/rabo /home -xdev -uid 1003 -exec chown -h 1876401105 {} +`

Harafin h yana sa a sauya mahaɗar (symlink) kanta maimakon abin da take nunawa, xdev kuma yana hana umarnin tsallakawa zuwa wani faifan da aka ɗaura a ciki. Haka ake yi wa rukuni da `-gid` da `chgrp -h`. ACL da ke ambaton tsohuwar lamba ba ya bin wannan gyara. Nemo shi a fayil ɗin da ka ajiye a mataki na 2 ka gyara da setfacl.

`find -nouser` da `find -nogroup` suna zaƙulo marayu, amma kada ka yi amfani da su lokacin da SSSD ba ya ganin waje, domin fayilolin mutane masu rai ma za su iya fitowa a jerin. Kuma kada ka taɓa yin `chown -R` a kan / ko /usr ko /etc. Sudo kansa zai daina aiki, gyaran kuma sai da filashin ceto.

6. Gina foldar rabo yadda matsalar ba za ta dawo ba

Ga dalilin da ya sa ƙorafin ke maimaituwa duk mako. Sabon fayil yana ɗaukar babban rukunin wanda ya ƙirƙire shi, wanda ga asusun yanki shi ne Domain Users, ba malaman-lissafi ba. Kuma idan umask, wato saitin da ke rage izinin sabon fayil, 022 ne, fayil ɗin da 644 zai fito, rukuni ba ya rubutu. Ka gyara na yau, na gobe ya sake fitowa a karkace.

Abin da masu gaggawa ke yi shi ne `chmod -R 777`. Ƙorafi zai tsaya, gaskiya ne. Amma foldar tambayoyin jarrabawa ko takardar albashi ta zama ta duk wanda ke da asusu a na'urar, ya karanta, ya sauya, ya goge, ba wanda zai san waye. Ba gyara ba ne, kuma ba na ganin uzurin yin sa ko na kwana ɗaya. Haka ma ba wa Domain Users dama, tunda kowa yana ciki.

Gyaran gaskiya layi huɗu ne:

`sudo chgrp -R malaman-lissafi@ofis.example /srv/rabo/jarrabawa`
`sudo chmod -R u+rwX,g+rwX,o-rwx /srv/rabo/jarrabawa`
`sudo find /srv/rabo/jarrabawa -type d -exec chmod g+s {} +`
`sudo find /srv/rabo/jarrabawa -type d -exec setfacl -m d:g::rwx,d:o::--- {} +`

Babban X yana ba da x ga foldoji da abin da dama yake da shi, ba ya mayar da kowace takarda manhaja. Layi na uku yana sa duk abin da aka ƙirƙira a ciki ya gaji rukunin foldar. Za ka ga s a gurbin x na rukuni, a lamba kuma 2770. Layi na huɗu shi ne ACL na gado, wanda ke sa a yi watsi da umask ɗin mutum a cikin wannan folda. Idan sunan rukuni yana da tazara a tsakiya, sa shi cikin alamar zance.

Idan wani rukunin zai karanta kawai, misali shugabannin sashe, ƙara shi da `setfacl -R -m g:shugabanni@ofis.example:rX`, sannan ka maimaita da d: a gaba a kan foldoji don sababbin fayiloli. Idan ana son kowa ya ajiye amma kada wani ya goge na wani, `chmod +t` a kan foldar.

Akwai rami ɗaya da ya rage. Gado yana aiki ne a kan fayil sabo. Wanda ya yi `mv` daga gidansa, ko ya yanko ya manna a faifai ɗaya, fayil ɗin yana zuwa da tsohon rukuninsa da tsohon izininsa. Haka `cp -p` da `rsync -a`. Koya wa mutane su kwafa maimakon su yanko. Idan ba su ji ba, sa layi na ɗaya da na biyu a cron, mai tsara lokacin ayyuka, su gudana kowane dare.

Idan ba ka da ikon buɗe rukuni a gajimare, wanda ke da ikon kuma ya yi tafiya, buɗe na gida da `sudo groupadd lissafi-gida`, ka sa mutane da `sudo gpasswd -a hadiza@ofis.example lissafi-gida`. Yi amfani da gpasswd, domin usermod yakan ƙi asusun da ba ya cikin /etc/passwd. A wannan na'urar kaɗai rukunin zai yi aiki, don haka rubuta shi a littafinka ka mayar da shi gajimare idan dama ta samu.

7. Idan ta Samba ko NFS ake isowa

Ƙofa biyu ce a nan, kuma wadda ta fi tsauri ita ke yin nasara. Samba na da nata dokokin a smb.conf, sannan izinin Linux na nan a ƙasa. Idan ba a faɗa mata ba, `create mask` ɗinta 0744 ne, `directory mask` kuma 0755, wato tana cire wa rukuni rubutu. A sashen foldar sa `read only = no`, `create mask = 0660`, `force create mode = 0660`, `directory mask = 0770`, `force directory mode = 2770`, da `valid users` mai sunan rukunin da @ a gabansa. Gudanar da `testparm` kafin ka sake loda ta. Tun daga Samba 4.8, uwar garken da ke cikin yanki tana buƙatar winbind a kunne. Idan SSSD ma yana nan, ka tabbata lamba ɗaya suke bayarwa, ta hanyar sa idmap na yankin ya bi sss. `sudo smbstatus` zai nuna maka da wane suna mutum ya shigo, kuma sau da yawa za ka tarar Windows ta riƙe kalmar sirrin wanda ya zauna a kujerar kafin shi. A kwamfutar tasa rubuta `net use * /delete`, duba `cmdkey /list` ka cire tsohon, sannan ya fita ya sake shiga.

NFS kuwa tana da tsohuwar iyaka: a tsarin sec=sys rukunoni 16 kaɗai take aikawa. Ma'aikacin da ya daɗe, aka sa shi a kwamiti iri-iri, yakan wuce haka, sai wata folda ta buɗe wata ta ƙi, alhali sabon ma'aikaci ba ya samun matsala. Kunna `manage-gids` a mountd na uwar garken, ita za ta riƙa nemo rukunonin da kanta. Idan komai yana fitowa da nobody da nogroup, duba layin Domain a /etc/idmapd.conf na ɓangarorin biyu ya zama ɗaya. Root ɗin kwamfutar da ta ɗauro foldar ba root ba ne a can, saboda root_squash yana mayar da shi lamba 65534, don haka chown a kan uwar garken ake yin sa.

Idan lambobi da izini duk sun yi daidai amma har yanzu an ƙi, duba masu gadi na sama. A Rocky ko AlmaLinux, `ls -Z`. Foldar Samba tana son lakabin samba_share_t. A Ubuntu, manhajar da aka saka ta snap, irin su Firefox, ba ta ganin /srv ko da mutum yana da cikakken izini.

8. Filashi, Google Drive, OneDrive da kwamfutocin Windows

Filashi mai FAT32 ko exFAT ba ya ajiye mamallaki ko izini sam. Duk chmod da za ka yi a kansa aikin banza ne; lokacin ɗaurawa ake faɗa da `-o uid=,gid=,umask=`. Haka Drive ko OneDrive da aka ɗaura da `rclone mount`: izinin da kake gani na aro ne, daga `--uid`, `--gid` da `--umask`. Don wasu su gani sai an ƙara `--allow-other`, an kuma buɗe layin user_allow_other a /etc/fuse.conf. Ka sani cewa duk wanda ya shiga ta nan da asusun wanda ya ɗaura yake aiki a gajimare, don haka kada a ɗaura da asusun shugaba.

Izinin gaske na waɗannan ma'ajiyoyi a shafinsu na intanet yake. Fayil ɗin da ke My Drive na mutum ɗaya ne, ranar da ya bar aiki aka goge asusunsa ba a miƙa wa wani ba, ya tafi da shi. Takardun sashe a shared drive ko SharePoint ya kamata su zauna, inda ofis ne mamallaki.

A Windows ma lamba ce, SID. Asusun gida ko na yanki yana farawa da S-1-5-21, na Entra ID da S-1-12-1. Idan an ciro faifai daga tsohuwar laftof, ko an koma shiga da imel ɗin aiki, tsofaffin fayiloli suna nan da tsohon SID. Mutumin ya rubuta `whoami /user` ka kwafi lambarsa. Buɗe tagar umarni da ikon admin:

`icacls D:\Aiki /save C:\izini-aiki.txt /T`
`takeown /F D:\Aiki /R /D Y`
`icacls D:\Aiki /grant *S-1-12-1-lambarsa:(OI)(CI)M /T`

OI da CI suna sa fayiloli da ƙananan foldoji su gaji izinin, M kuma damar gyarawa ce ba tare da ikon raba wa wasu ba. A foldar aiki kaɗai ake yin wannan, ba a C gaba ɗaya ko foldar Windows ba. Idan sunayen fayilolin sun fito kore ko da ɗan kwado a jikinsu, an rufe su da EFS ne, tsarin Windows na kulle fayil da mabuɗin sirri. Karɓar mallaka ba ta buɗe su. Sai an shiga da tsohon asusun a tsohuwar na'urar an cire rufin, ko an fitar da takardar shaidarsa, don haka kada a goge tsohon asusun ko a sake loda wa laftof ɗin Windows kafin a duba wannan.